Greensboro: Diflomar IB a makarantar gwamnati

A Greensboro ta Amurka, inda 'yan Nijar da dama ke zaune, makarantar sakandaren gwamnati ta Grimsley na koyar da diflomar IB, tsarin da aka kafa a Jeneba a 1968. Karatun na shekara biyu ne. Ɗalibi na ɗaukar darussa shida, ya rubuta binciken da bai wuce kalmomi 4,000 ba, ya kuma yi wa al'umma hidima. Daga maki 45, sai da aƙalla 24 ake samun diflomar. Jami'o'in Amurka da yawa na yafe wa mai kyakkyawan sakamako wasu darussan shekarar farko, abin da ke rage wa iyaye kuɗin karatu. Shi ya sa ya kamata iyaye su nemi bayani tun yaro na aji 9.