KUMBURIN JIJIYOYIN ƘAFA: AN SAMI SABABBIN HANYOYIN MAGANI

'Yan'uwa manoma, a cikin ƙungiyoyinmu akwai maza da mata waɗanda jijiyoyin ƙafarsu sun fito waje, sun murɗe kamar igiya. Da yamma ƙafa ta yi nauyi, ta kumbura, tana ƙaiƙayi. Da yawa sukan ce ai gajiyar noma ce. Amma in an ƙyale abin, fata a wajen idon sawu takan yi baƙi, ta yi tauri, daga nan sai gyambo ya fashe. Gyambon nan yana iya yin shekaru bai warke ba. Manomi mai gyambo kuwa damina takan wuce shi yana zaune a gindin bishiya.

Me ke kawo shi?

Zuciya tana tura jini zuwa ƙafa, amma dole jinin ya hau tudu ya koma. Duk sa'ad da muka taka, naman sharaɓa yakan matse jijiyoyi ya tura jini sama. A cikin jijiyoyin akwai 'yan ƙofofi masu buɗewa sama kaɗai, kamar na famfon rijiya da ke hana ruwa komawa ƙasa. In ƙofofin sun lalace, sai jini ya riƙa komowa ya taru a ƙafa, jijiya ta buɗe. Wadda ta fi lalacewa ita ce doguwar nan da ta tashi daga idon sawu ta bi cikin cinya har matsematsi. Ana gadon ciwon. Yawan haihuwa, da ƙiba, da tsufa, da doguwar tsayuwa wuri ɗaya suna ƙara shi. Ba sammu ba ne, ba kuma taka wani abu aka yi a gona ba.

Yadda ake yi a dā

Wajen 1890 wani likitan Jamus, Trendelenburg, ya bayyana yadda ake ɗaure doguwar jijiyar a cinya. A 1907 wani likitan Amurka, Babcock, ya fito da hanyar zura waya a cikinta a fizge ta gaba ɗaya. Wannan tiyata ta taimaki mutane da yawa, har yau ana yinta. Sai dai akan sa mutum barci, a yanka, ya yi makonni kafin ya koma aiki. Kada a ji tsoro cewa jini zai rasa hanya. Manyan jijiyoyi na can cikin nama su ne ke ɗaukar yawancin jinin.

Abin da ya sake

Na fari, hoto. Da irin na'urar da ake duba mai ciki, likita yana ganin inda jini ke komowa baya, ba sai ya yi ta kintace ba.

Na biyu, zafi. Tun wajen 1999 aka fara zura siririyar waya ta ƙaramin huji, a ƙona cikin jijiyar da hasken leza ko da zafin lantarki, sai ta toshe ta shanye. Allurar kashe zafi kaɗai ake yi. Mutum yakan tashi ya taka da ƙafarsa ran nan, ya koma gida.

Na uku, kumfa. An daɗe ana yin allurar da ke sa jijiya ta manne. A 2000 wani likitan Italiya, Tessari, ya nuna yadda za a kaɗa maganin da iska ya zama kumfa, don ya ture jini ya taɓa bangon jijiya sosai. Wannan ta fi sauran araha, amma wani lokaci sai an maimaita.

Na huɗu, gam. A 2015 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da wani gam na asibiti, VenaSeal, da ake liƙe jijiyar da shi.

A 2013 hukumar da ke ba likitocin Ingila shawara ta ce a fara da zafi, in bai yiwu ba a yi kumfa, tiyata ta zo daga ƙarshe. A 2018 kuma aka buga sakamakon wani bincike a Ingila kan mutum 450 masu gyambo. Waɗanda aka toshe musu jijiya da wuri tare da ɗaurin bandeji, rabinsu sun warke cikin kwana 56. Waɗanda aka fara da bandeji kaɗai, sai da aka kai kwana 82. Ashe jinkiri ba shi da riba.

Abin da za mu yi a ƙauye

Waɗannan na'urori sai manyan asibitocin birni, kuma da tsada. Amma akwai abin da ke hannunmu.

1. In kun huta, ku kwanta ku ɗora ƙafa a kan buhu, ta fi ƙirji tudu.
2. Tafiya magani ce. Mai tsayuwa wajen niƙa ko kasuwa ya riƙa ɗaga diddige yana saukewa.
3. Bandeji mai matsewa ko doguwar safa ta asibiti suna warkar da gyambo da yawa. Amma sai ma'aikacin lafiya ya tabbatar jini na isa ƙafar tukuna, musamman ga tsofaffi da masu ciwon sukari.
4. Kada a bar wanzami ya yi tsaga ko ƙaho a kan jijiyar. Kada a zuba toka ko ƙasa a gyambo.
5. In jijiya ta fashe, mutum ya kwanta, a ɗaga ƙafar sama, a danne wurin da tsumma mai tsabta, a kai shi asibiti.
6. In ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, balle in numfashi yana sarƙewa, a tafi asibiti ran nan. Wataƙila gudan jini ne a jijiyar ciki, yana iya tafiya huhu ya kashe mutum.

Mata masu ciki su kwantar da hankali, yawanci jijiyoyin sukan ragu cikin 'yan watanni bayan haihuwa. Ku sani kuma ba kowane gyambo ne na jijiya ba. Sikila da ciwon sukari ma suna kawo shi. Gyambon da ya wuce mako biyu bai kama hanyar warkewa ba, a nuna wa likita.

Shawara ga shugabannin ƙungiya

A taronku na bayan kaka, ku tambaya ko akwai mai wannan ciwo, gama wasu suna ɓoye shi saboda kunyar wari. Ku ware wani abu daga asusu don kuɗin mota da na asibiti, a tafi da rani kafin sharar gona. In ɗan'uwa yana jinya, ku yi masa gayya. Zumuntar mata kuma ta kula da gwauraye da tsofaffin da ba su da mai wanke musu ciwo. Ubangiji ya ba mu lafiya da ƙarfin yin aikinsa. Amin.