Gubar da ba ta wari: jan kunne ga masu tsintar ƙarafa a Jazira

A watan Satumba na 1987, wasu masu tsintar ƙarafa biyu suka shiga kangon wani asibitin cutar daji a birnin Goiânia na ƙasar Brazil, suka ciro kan wata na'urar gashi. Da aka fasa shi, sai ga wani gari mai ƙyallin shuɗi a cikin duhu. Ɗan gwangwan da ya saya ya kai gida, dangi da maƙwabta suka yi ta sha'awa, har da masu shafawa a jiki. Ashe sinadarin siziyom-137 ne mai guba. Mutum huɗu suka mutu, ciki har da yarinya 'yar shekara 6. An auna mutum kusan 112,000, aka samu gubar a jikin 249, aka rushe gidaje, aka kwashe ƙasar tsakar gida.

Duniya ta yi ta magana, daga baya ta yi shiru. Shi kuwa siziyom sai ya shekara 30 kafin rabin ƙarfinsa ya tafi. Mutane na mantawa tun gubar ba ta huce ba.

Wannan labari ya shafe mu. A birnin Wad Madani na jihar Jazira akwai cibiyar cutar daji ta Jami'ar Jazira, inda aka saba yi wa marasa lafiya gashi. Daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 birnin na cikin bala'in yaƙi, an wawushe gidaje da asibitoci da ma'aikatu. Yanzu jama'a na komawa, talauci kuma ya tura yaranmu neman ƙarfe da tagulla a kangaye.

Irin wannan guba ba ta da wari, galibi kuma ido ba ya ganinta. Don haka duk wanda ya ga ƙarfe mai nauyin da ya fi girmansa, musamman mai tambarin fuka-fukai uku kamar farfela a kan launin rawaya, kada ya taɓa, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya yi nisa da shi, ya hana yara zuwa, ya sanar da hukuma. Wanda ya riga ya taɓa, sai ga amai, gudawa ko ƙunar fata ba tare da wuta ba, ya garzaya asibiti ya faɗi abin da ya ɗauka.

Limamai da masu unguwanni, daga Madani har Maiurno, ku isar da wannan ga 'yan gwangwan da iyayen yara. Rigakafi ya fi magani.