Keken burji: Yadda hanyar ƙauye ta zama filin wasan duniya

Idan kana yawan leƙa Instagram ko TikTok, wataƙila ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan: mutum a kan keke, hular kwano a kai, ƙura ta yi masa buɗu-buɗu, gonaki dama da hagu, babu mota babu hon, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. Ƙila ma ka yi dariya ka ce, "To wannan ai hanyar ƙauyenmu ce, mene ne abin ɗauka a bidiyo?"

Ba ka yi ƙarya ba. Irin hanyar ce sak. Sai dai a yau tuƙa keke a hanyar burji wasa ne mai zaman kansa, da kekunansa na musamman, da zakarunsa, har da gasar cin kofin duniya. Labarin yadda aka yi haka yana da abin da ya shafe ka.

Mutum 34 ne suka fara

Emporia ƙaramin gari ne a jihar Kansas ta Amurka, mutanensa ba su wuce dubu ashirin da 'yan kai ba. Yana bakin wani yanki mai tuddai da kwazazzabai da ake kira Flint Hills. Ƙasar wurin cike take da dutsen ƙanƙara mai kaifi, irin wanda ake ƙyasta wuta da shi. Da manoma suka iso yankin, garma ta kasa shiga, sai suka haƙura suka bar wa shanu. Shi ya sa har gobe ciyawar asali take nan, alhali a yawancin sassan tsakiyar Amurka an daɗe da nome irinta. Hanyoyin da ke ratsa wuraren kiwon kuwa ba a zuba musu kwalta ba. Kana iya yin tafiya mai nisa ba ka haɗu da kowa ba sai saniya.

A 2006 wasu abokai biyu, Jim Cummins da Joel Dyke, suka shirya tseren mil 200 a kan waɗannan hanyoyi, wato kusan kilomita 320. Don ka gane nisan: ka tashi daga Kano ka isa Kaduna, ka juyo ka dawo Zariya, kuma da ɗan saura. Mutum 34 ne suka fito. Ƙa'idar ita ce kowa ya ji da kansa. Tayarka ta yi faci a tsakiyar daji, kai ne mai facin.

Yanzu sunan gasar Unbound Gravel, sunan da aka ba ta a 2020. Dubban mutane ne ke cika garin duk shekara, har sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya samu gurbi. Akwai ma zangon mil 350 ga waɗanda 200 ba ta ishe su ba. A 2024 wani ɗan Ostireliya, Lachlan Morton, ya cinye babban tseren cikin awa 9 da minti 11, yayin da Rosa Klöser 'yar Jamus ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata.

Me ya kore su daga kwalta?

Amsa ta farko: mota. Mai keke a kan babban titi ransa yana hannun direban da ke bayansa, kuma direban nan ƙila idonsa na kan waya. Wannan ba sai an yi maka dogon bayani ba. Amurka kuwa tana da hanyoyin da ba kwalta sama da mil miliyan ɗaya, galibi a yankunan noma. Sai masu keke suka ga ashe ga fili nan a banza.

Na biyu, kayan aiki sun canza. Keken burji a ido kamar keken tsere yake, da kansa mai lanƙwasa ƙasa, amma tayarsa ta fi faɗi. Na tsere yakan ɗauki taya mai faɗin milimita 25 zuwa 30, shi kuwa 38 zuwa 50. Ba a cika ta da iska tam, ana barinta da ɗan laushi don ta shanye gargada ta kuma kama ƙasa. Yawancinsu ba tif a ciki. Wani ruwa mai danƙo ake zubawa, wanda da zarar ƙaya ta huda sai ya toshe ramin kana cikin tafiya. Birkinsa na faifai ne, ba ya damuwa da laka, giyarsa kuma tana da sauƙin hawa tudu.

Na uku shi ne shirun. Wanda ya wuni waya na ƙara a aljihunsa, idan ya samu awa biyu babu abin da yake ji sai numfashinsa da kukan tsuntsaye, ba ƙaramin magani ba ne.

Da kuɗi suka shigo

Abin da ya fara a matsayin yawon abokai bai daɗe ba ya ja hankalin manya. A 2018 kamfanin Life Time ya sayi gasar Emporia. A 2022 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko a yankin Veneto na Italiya, inda Gianni Vermeersch ɗan Beljiyam da Pauline Ferrand-Prévot 'yar Faransa suka zama zakaru. Tun daga nan ake ta muhawara. Wasu na cewa ci gaba ne. Wasu kuma na cewa an ɓata wasan, domin a da idan tayar wani ta fashe tsayawa ake yi a taimake shi, yanzu kuwa kowa ta kansa yake yi. Ga tsada: keken da ƙwararru ke hawa kuɗinsa dalar Amurka dubbai ne.

Afirka ma ba a bar ta a baya ba. Tun 2021 ake gudanar da Migration Gravel Race a yankin Masai Mara na Kenya, tseren kwana huɗu a cikin dajin da dabbobi ke kai-komo. Ƙungiyar Team Amani ta tattara matasa daga Kenya da Yuganda da Ruwanda tana kai su manyan gasanni. Jagoransu, Sule Kangangi ɗan Kenya, ya rasu a watan Agustan 2022 bayan ya faɗi a wani tseren burji a jihar Vermont ta Amurka, yana da shekara 33. Rashin mota a hanya ba ya nufin rashin haɗari. Gangara mai tsakuwa ba ta san gwani ba.

To kai fa?

A wajenmu keke ba baƙo ba ne. Kakanka ya kai buhun gero kasuwa a kan Raleigh, a irin hanyar da wasu ke biyan kuɗin jirgi su je su hau. Amma mu mun mayar da shi alamar rashi. Saurayi ya gwammace ya ci bashin mai ya zuba a babur da a gan shi yana murza feda. Wannan tunanin ne ya kamata ka sake dubawa, musamman yanzu da kuɗin mai ya zama abin da ya zama.

Ba sai ka mallaki keken miliyoyi ba. Keken gwanjo mai giya da faffaɗar taya ya wadatar. Ka kai shi wajen mai gyara ya duba birki da kaca da sifok. Ka riƙe famfo da tif na ko-ta-kwana da kayan faci, domin tsidau a wajenmu aikin da dutsen Kansas ke yi wa taya shi yake yi. Hular kwano dole ce, ko da abokai za su tsokane ka. Ka fara da kilomita 10 ko 15, da sassafe kafin rana ta buɗe, da ruwa isasshe. Lokacin hunturu ka rufe hanci saboda ƙura. Da damina kuma ka guji laka mai danƙo, takan cushe taya har ta ƙi juyawa. Ko a Emporia ta sha sa mutane saɓa kekunansu a kafaɗa.

Sannan maganar da ba a wasa da ita: tsaro. Ba kowace hanyar karkara ce ake bi yanzu ba, kai ma ka sani. Kada hoton da za ka ɗora ya kai ka inda ba ka san kowa ba. Ku fita a ƙungiya, ku tambayi mutanen yankin, a gida a san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Kada ka wallafa hanyar da kake bi kana tsakiyar tafiya, bari sai ka dawo. Ke ma 'yar uwa da ke sha'awa, ki nemi ƙawaye ko 'yan uwa ku fita tare a inda aka san ku.

Kuma ka tuna gonar da ta ba ka sha'awa abincin wani ce. Kada ka ratsa shuka don yanke hanya, ka ba garken shanu wuri ya wuce, ka yi sallama ga wanda ka tarar yana noma, kada ka ɗauki hoton mutum sai da izininsa, ledar ruwanka kuma ta koma aljihunka. Idan kun yi haka, zuwa na gaba da sunanku za a gaishe ku, har a nuna muku wata hanyar da babu ita a taswirar waya.