Kifi Mai Sheƙi Irin Na Japan, Da Cefanen Babbar Kasuwar Katsina

[KIƊAN BUƊE SHIRI, SAI A SASSAUTA]

MAI GABATARWA: A shirinmu na musamman na yau madafi za mu shiga, kuma girkin daga ƙasar Japan ya taso. Kifin salmon ne da ake soyawa sama-sama, a zuba masa romo mai zaƙi da gishiri, a yi ta kwarara masa har ya yi ja yana sheƙi. Can suna ce masa teriyaki. Masu manyan wayoyi sun sha ganinsa a TikTok da YouTube, kuma na san abin da uwargida ke shirin tambaya: to ni da nake Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa, ina zan ga wani salmon?

[SAUTIN HADA-HADAR KASUWA]

MAI GABATARWA: Tambayar tana kan hanya. Salmon kifin ruwan sanyi ne. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya komo kogin ya saka ƙwai. Masuntan dam ɗin Zobe ko na Jibiya ba za su taɓa ganinsa a komarsu ba. Akasarin wanda ake sayarwa a duniya yau na kiwo ne a cikin keji a teku. Ƙasar Norway ce kan gaba, tana samar da fiye da tan miliyan 1 a shekara, sai Chile ta biyo baya. Idan ya iso Najeriya, manyan kantunan Legas da Abuja yake sauka, farashinsa kuwa sai mai hali.

Amma fa sirrin wannan girki abu biyu ne: kifi mai maiƙo, da iya ƙafar da romo. Su kansu mutanen Japan ba salmon kaɗai suke yi wa haka ba. Suna yi da wani kifi mai suna buri, suna yi da saba. Shi kuwa saba, ɗan'uwan titus ne, wannan mai zanen baƙi a gadon baya da ke kwance cikin firizar masu kifin ƙanƙara a Babbar Kasuwa. Abin ma ya wuce 'yan'uwantaka, domin Japan na sayen titus mai yawa daga Norway, kuma daga wannan yanki na arewacin tekun Atlantika namu yake zuwa. Ke nan kifin da ake soyawa a Tokyo, shi ne mai kifi zai naɗe miki a leda a Katsina.

Wadda ta samu salmon, madalla. Wadda ba ta samu ba, ta nemi titus. Tarwaɗa ma za ta yi idan an wanke yauƙinta da toka ko lemun tsami. Ƙarfasa kuwa ba ta da maiƙo sosai, tana saurin bushewa.

A kula wajen saye. Titus na cikin kifayen da ke saurin lalacewa, kuma mun san zafin garin nan da yadda wuta ke yi mana. Idan ya narke ya jima cikin zafi, wani sinadari na taruwa a tsokarsa mai sa ƙaiƙayi da jan fata da ciwon kai, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Saboda haka a zaɓi wanda ya sandare ƙam, cikinsa bai fashe ba, ba ya wari. Kifi ya zama cefanen ƙarshe, daga nan sai gida. A narkar da shi cikin leda a ruwan sanyi. Kada a shanya shi a rana.

[KIƊA KAƊAN]

MAI GABATARWA: Sai batun romo. A Japan abu huɗu ake haɗawa: soya sos, sukari, mirin da kuma sake. To a nan sai mu yi hattara. Sake giyar shinkafa ce, shi ma mirin na asali yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100. Waɗannan biyu ba za su shiga tukunyarmu ba. Amfaninsu a girkin shi ne zaƙi da sheƙi da kashe ƙarni, kuma duk muna da masu yin wannan aiki. Zuma ko mazarƙwaila za su ba da zaƙi da sheƙi. Ɗanyar citta da lemun tsami za su kore ƙarni.

Soya sos ne kaɗai ba shi da madadi. Da waken soya da alkama da gishiri ake yinsa, a bar su su ruɓa a tsanake tsawon watanni. Duk wadda ta san yadda ake dafa kalwa a rufe ta kwanaki har ta zama daddawa, ta san tushen wannan hikima. Ana samunsa a kwalba a kantunan kayan masarufi. A zaɓi mai ruwa-ruwa, domin mai kauri baƙi wuluk zai baƙanta kifin. A kuma duba tambarin halal a jikin kwalbar, saboda ruɓarwar kan haifar da ɗan burbushin barasa.

Ɗanɗanon nan ba baƙo ba ne a harshenmu. A shekarar 1908 wani masanin kimiyya a Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke sa romon ciyawar teku daɗi. Shekara guda bayan nan aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto, wato farin magin da ke kan teburin kowane mai kayan miya. Sinadarin nan yana cikin soya sos, yana cikin daddawa. Shi ya sa wannan girki ba ya buƙatar magi ko kaɗan.

[SAUTIN MAI A KASKO]

MAI GABATARWA: Uwargida, amarya, har da maigida mai son taya aiki, ga yadda ake yi don mutum 4.

A samu yanka 4 na salmon, ko titus manya guda 2 a tsaga kowanne gida biyu a zare ƙaya. A barbaɗa gishiri ɗan kaɗan, a ajiye minti 10. Za a ga ruwa ya tsattsafo, wannan shi ne ƙarnin, sai a goge shi tas da tsumma mai tsabta. A shafa fulawa sama-sama a kakkaɓe. Ita ce za ta riƙe romon a jikin kifin.

A kofi, a haɗa soya sos babban cokali 3, zuma cokali 2, ruwa cokali 3, ruwan lemun tsami cokali 1, da gurzajjiyar citta ƙaramin cokali 1. Mai amfani da mazarƙwaila ta daka ta, ta narkar a ruwan ɗumi, ta tace.

A ɗora kasko a matsakaiciyar wuta da man gyaɗa cokali 1. A kwantar da kifin ta gefen fata, a ƙyale shi minti 3 zuwa 4 ba tare da an taɓa ba, sannan a juya, a ba shi minti 2.

Nan ne wurin da aka fi yin kuskure. Kafin a zuba romo, a karkata kaskon a kwashe man da ya taru, domin romo ba ya kama kifin da ke iyo cikin mai. Sannan a rage wuta. Zuma da sukari suna saurin ƙonewa, in kuwa suka ƙone, ɗaci ne zai biyo baya. Mai girki da gawayi ta janye garwashi gefe. A zuba romon, a riƙa ɗiba da cokali ana kwarara wa kifin. Cikin minti 2 kumfar za ta yi manya-manya, romon ya fara bin bayan cokali yana danƙo. A sauke nan take, domin zai ƙara kauri yayin da yake hucewa.

A yayyafa soyayyen riɗi da yankakken lawashi. Farar shinkafa ce abokiyar tafiyarsa, ba tare da miya ba, ragowar romon kaskon ya isa. A sa kokwamba ko kabeji a gefe. Mai son yaji ta yanka attaruhu cikin romon tun farko. Mutanen Japan ba sa sawa, amma kaskon naki ne. Masu hawan jini kuma su rage soya sos zuwa cokali 2, su ƙara lemun tsami, domin gishirinsa na da ƙarfi.

[KIƊAN RUFE SHIRI YA FARA TASHI]

MAI GABATARWA: Wadda ta iya wannan romo, ta samu hanyar sarrafa cinyar kaza da tsokar rago har da awara, duk a kasko ɗaya cikin ƙasa da rabin awa. Kwalbar soya sos guda kuwa za ta kai ki girki da yawa kafin ta ƙare. A gwada da titus a wannan mako, a ba yara su yanke hukunci.

A nan muka kawo ƙarshen shirin. A madadin waɗanda suka haɗa sauti, nake cewa a ci lafiya, a huta lafiya.

[KIƊA YA ƊAGA, YA ƘARE]