AMSAR TAKARDUN MASU SAURARO: Cokali Nawa Na Garin Magani Za A Zuba Wa Kaji?

A wannan mako mun ɗauko takardar wani mai sauraronmu daga Jibiya ta Jihar Katsina, ɗan kasuwa ne mai kiwon kaji 20 a bayan gida. Ya ce kajinsa sun kamu da mura da kumburin fuska, ya sayo garin magani a kasuwar Lahadi, mai maganin ya ce ya riƙa zuba cokali guda a kaskonsu. Kwana biyu suka ɗan warware, ya daina, sai ga ciwon ya dawo har ya kashe masa huɗu. Ya kuma ce rubutun jikin ledar da Faransanci yake. Shi ne yake tambaya, cokali nawa ne daidai?

To Malam, Allah Ya mayar da alheri. Gaskiyar magana ita ce, cokali ba ma'auni ba ne. Wani cokalin ya fi wani, wani garin kuma ya fi wani ƙarfi. Abu uku ake dubawa: nauyin kajin, ƙarfin garin, da yawan ruwan da suke sha a yini.

Mu fara da nauyi. Ɗauki kaza biyu ko uku ka aza a sikelin mai shago. Mu ɗauka kowace ta kai kilo ɗaya da rabi. Kaji 20 sun zama kilo 30 ke nan. Mu ɗauka kuma takardar maganin ta ce a ba kowane kilo miligiram 20 a yini. 20 sau 30, miligiram 600 ke nan garken yake bukata kullum. Misali nake bayarwa fa, kowane magani da nasa adadin a rubuce.

Sai ƙarfin garin, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. Garin da ke cikin leda ba duka ne magani ba, an gauraya shi da wani gari don ya aunu. In ka ga an rubuta 20%, watau kowane giram guda yana ɗauke da miligiram 200 na ainihin maganin. Raba 600 gida 200, ka samu giram 3. Amma in 5% aka rubuta, miligiram 50 ne kacal a giram, sai ka zuba giram 12. Ka ga leda biyu masu girma ɗaya da suna ɗaya, amma ɗaya ta ninka ɗaya ƙarfi sau huɗu.

Wani zai ce ina zan samu sikelin awon giram 3? In ledar mai giram 100 ce, juye garin a busasshen faranti, ka kasa shi kashi 10 daidai wa daida. Kowane kashi giram 10 ne. Ka raba kashi guda uku, kowane ɗaya ya kusa giram 3. Ka ƙunshe sauran ka ɓoye inda ba laima, inda kuma hannun yara ba ya kai.

Na uku shi ne ruwa. Ledar fiya-wata rabin lita ce, babbar gorar Swan kuwa lita ɗaya da rabi. Ka lura da abin da kajinka ke shanyewa daga safe zuwa magariba. Manyan kaji 20 sukan sha wajen lita 4, watau leda 8. A cikin wannan ruwan za ka dama giram 3 ɗin, don su shanye shi tas. Ku mutanen Jibiya kun san zafin bazara: a watan Afrilu kaza tana iya shan ninkin abin da take sha da hunturu. Saboda haka ruwa ne ke ƙaruwa ko ya ragu, maganin yana nan yadda nauyi ya nuna. In takardar ta ce giram kaza a lita kaza ne kawai, to ka bi ta, amma ka auna litar da gaske.

Game da Faransanci kuwa, kayan da ke shigowa daga Maraɗi ta Ɗan Isa da Magama haka sukan zo. Ka riƙe waɗannan: g giram ne, L lita, kg kilo, jours kwanaki. Su waƙafi suke sawa inda mu muke sa ɗigo, don haka 0,5 g rabin giram ne, ba giram 5 ba. Inda ka ga temps d'attente ko délai d'attente, kwanakin jira ne.

Mene ne kwanakin jira? Bayan an gama ba da magani, sauransa yana nan a nama da ƙwai. Kada a yanka, kada a sayar, kada a ci ƙwan sai kwanakin da aka rubuta sun cika. Wani maganin ma an hana ba kaza mai ƙwai. Abin da ba za ka ba ɗanka ba, kada ka kai wa ɗan wani a kasuwa.

A kiyaye waɗannan kuma. A kulle kajin a akurki, a ɗauke duk wani ruwa, in ba haka ba kwata za su je su sha. A dama sabo kowace safiya, a ajiye a inuwa. In dangin tetarasaikilin ne, kada a haɗa da kanwa ko nono, kada a zuba a kwano mai tsatsa, suna kashe masa ƙarfi. Kazar da ta kasa sha a ware ta, a ɗura mata a hankali. A cika kwanakin da takarda ta faɗa, galibi 3 zuwa 5, ko da sun miƙe. Rage awo da yankewa a tsakiya su ne ke barin ƙwayoyin cuta masu taurin kai su yaɗu, gobe maganin ya ƙi ci, ga kaji da mutane baki ɗaya. A bar ɓare musu kafson mutane. A duba ranar lalacewa, na Nijeriya kuma a duba lambar NAFDAC.

Daga ƙarshe Malam, ba kowane ciwo wannan gari ke ji ba. In kaji na faɗuwa da yawa da hunturu, ga koren zawo da murɗewar wuya, mai yiwuwa annobar nan ce da likitoci ke kira Niyukasil. Ko buhu ka zuba ba zai kashe ƙwayarta ba, rigakafi ne kawai mafita, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom kusa da Jos tana yin sa. Kafin ka sake sayen gari, ɗauki ledar da kaza guda ka kai wa malamin dabbobi ya gani.

Allah Ya albarkaci kiwo. A ci gaba da aiko mana da takardu, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.