Ramammen jiki da sanyin haƙarƙari

Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne tamowa ta kashe a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shidan farko na 2025. Sai dai yunwa kan buɗe ƙofa ne, wata cutar ta shigo ta ƙarasa aikin. Cikin masu ƙarasawar, nimoniya, wadda muke kira sanyin haƙarƙari, tana sahun gaba.

Idan jiki ya daɗe bai samu abinci ba, naman kansa yake ci, har da tsokar da ke jan numfashi. Tari sai ya yi rauni, majina ta kwanta a huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa, ga garkuwar jiki ta riga ta karye. Abin tsoron shi ne ramammen yaro kan kamu ba tare da zazzaɓi ba. Uwa a Kuki ko Kurfi za ta taɓa goshinsa ta ji sanyi ƙalau, ta ce da sauƙi, alhali huhu ya cika da ruwa. Maimakon taɓa goshi, a ɗaga rigarsa yana kwance a ƙirga numfashi. Ɗan wata 2 zuwa 11 da ya kai 50 a minti guda, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 da ya kai 40, ko wanda ƙasan ƙirjinsa ke lotsawa in ya ja iska, asibitin Dutsin-Ma ko mafi kusa ya kamata ya kwana, ba kemis ba.

Manya ma ba su tsira ba. Akwai budurwar da ke ƙaurace wa tuwo don tsoron ƙiba, ko ta ci ta zura yatsa a maƙogwaro don ta yi amai. Gida za a ce iyayi ne ko aljanu, amma larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke buƙatar likita, kuma aman na iya sarƙe ta ya gangara huhu ya zama ƙurji mai mugunya. Ita kuwa mai shan "sha ka fashe" don ta yi jiki, in ƙwayar dexamethasone ce a ciki, kumatu take saya da garkuwar jikinta. Duka biyun tarin fuka na sonsu.

Ko an kai ramammen yaro asibiti, kada a yi gaggawar ɗura masa abinci. Jikin da ya saba da babu, ƙoshi farat ɗaya kan rikita masa gishirin jini har zuciya ta tsaya. Shi ya sa ma'aikata ke farawa da madarar F-75 kaɗan-kaɗan, tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta tun ranar farko.