Dasa Gaɓar Kafaɗa Ga Dattawa: Wace Hanya Ta Dace Da Wa?

Daga cikin lalurorin da kan sami mutum idan shekaru suka ja, akwai ciwon kafaɗa wanda yakan fara da hana kwanciya a gefe guda, ya yi ta ƙaruwa sannu a hankali har dattijo ya kasa ɗaga hannu ya shafi kansa a alwala. Kuma galibi akan ce tsufa ne a haƙura, alhali kuwa abin yana da sababi sananne, yana kuma da magani.

Asalin mas'alar yana cikin ƙirar gaɓar ita kanta. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne mai girma, gurbinsa kuwa da ke jikin allon kafaɗa ƙarami ne marar zurfi, tamkar tulu a kan gammo. Saboda haka Allah cikin hikimarsa ya kewaye shi da tsokoki huɗu waɗanda jijiyoyinsu ke riƙe da shi a tsakiyar gurbin, yayin da babbar tsokar da ta lulluɓe kafaɗa daga waje take ɗaga hannun. Idan jijiyoyin nan suka yage yagewa mai faɗi, aka daɗe ba a ɗinke ba, sai tsokokinsu su ƙanƙance kitse ya shige su, kan ƙashin ya zame sama yana gugar ƙashin da ke bisansa, har guringuntsi ya cinye. Likita Charles Neer na Amurka da abokan aikinsa ne suka siffanta wannan hali a 1983.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Akan gabatar da maganin zogi, da gashin ƙashi, da allura a cikin gaɓar, da ɗinkin jijiya idan har tana ɗinkuwa; sai waɗannan sun gaza ake maganar dashe, wanda tarihinsa ya faro tun 1893, lokacin da Jules Péan ya sa wa wani majinyaci gaɓa ta ƙarfen filatinam da roba a birnin Paris.

Hanyoyin dashen uku ne. Ta farko ita ce a sauya kan ƙashin damtse kaɗai a bar gurbin yadda yake, wadda takan rage zogi amma ba safai take dawo da ɗaga hannu ba. Ta biyu ita ce a sauya duka biyun bisa tsarin halitta, ƙwallon ƙarfe a damtse, gurbin roba a allon kafaɗa, kuma fa'idarta babba ce ga mai amosanin gaɓa, amma da sharaɗin jijiyoyinsa suna nan lafiya, domin idan babu su, ƙwallon zai riƙa danna gefen robar har ta girgiɗe.

Ta uku, wadda ita ce muradin bayanin nan, ijtihadin Paul Grammont ce, likitan birnin Dijon a Faransa, wanda a 1985 ya ga cewa tun da jijiyoyin da suka mutu ba za su dawo ba, abin da ya fi shi ne a gina gaɓar da ba ta buƙatarsu. Sai ya birkice tsarin: ya kafa ƙwallon a allon kafaɗa, ya mai da gurbin kan ƙashin damtse, ta yadda ƙashin ba zai sake zamewa sama ba, babbar tsokar waje kuma ta sami ƙarfin ɗaga hannu ita kaɗai. Amurka ba ta halatta wannan na'ura ba sai a 2003, amma a yau ita ce zaɓin da aka fi yi wa dattawan da jijiyoyinsu suka lalace.

Sai dai wajibi ne a faɗi illolinta kamar yadda aka faɗi alherinta. Gaɓar tana iya gocewa, ƙwayoyin cuta suna iya shiga, ƙashi mai rauni yana iya tsagewa, kai hannu bayan gadon baya kuwa yakan ci gaba da wuya. Kuma ba ta amfanar wanda babbar tsokarsa ta shanye. Bayan aikin, hannu zai zauna a rataye makonni, gashin ƙashi ya ɗauki watanni, a kuma bar ɗaukar kaya masu nauyi. Duk da haka, kimanin 9 cikin 10 na irin wannan dashe suna kai shekara 10 ba a sake taɓa su ba.

Nasiharmu ga 'ya'ya ita ce kada su jinkirta kai iyayensu wurin likitan ƙashi, irin na Asibitin Dala a Kano, domin a ɗauki hoto a san halin jijiyoyin tun suna ɗinkuwa. Neman magani ba ya kore tawakkali, kuma yagewar da aka gano da wuri sau da yawa ba ta kai mai ita ga dashe ko kaɗan.